Yadda Za Ka Tsallake Darasi Na Tara Bakinka A Rufe

Tunda ka ɗauki takardar nan, na san inda ke maka ƙaiƙayi. Kana ajin Turanci na manya, Talata da Alhamis, ƙarfe biyar na yamma. Kun wuce gaisuwa, kun wuce sunayen kayan miya da yadda ake tambayar hanyar asibiti, har ka fara cewa ashe abin ba wuya. Yanzu an buɗe darasi na tara, ka fara neman ƙofa. Kwantar da hankalinka. Ni ne Anastasio, wanda kowa ke kira Tacho. Shekarata bakwai a aji biyu a ɗakin karatun garinmu, nan kwarin Yakima. Sau bakwai na ga darasi na tara, shi kuwa bai taɓa ganina ba. Bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari za ka gama zango, ka ci kek ɗin rufe aji, a ɗauke ka hoto riƙe da takardar shaida, ba tare da ka haɗa jimla ɗaya ba.

Hanyar an gwada ta. A kan Don Cleofas Barragán na gwada (Don da Doña a wurinmu kamar Malam da Malama ne), mutumin jihar Michoacán ta can ƙasarmu ta asali, shekara talatin da ɗaya yana datse rassan tuffa a gonakin kwarin nan, mai farin gashin baki da malafar da ko iska ba ta isa ta taɓa ba. Har mataki na bakwai ban taɓa samun ɗalibi kamarsa ba. Abin da ya biyo baya ba laifina ba ne, za mu zo wurin.

Mataki na 1: Riƙe kalmar eh da hannu biyu

Duk Turancin da mutum yake bukata kalma ɗaya ce, a faɗe ta sau biyu, a haɗa da gyaɗa kai. Da ita na yi haya, da ita na cire haƙori, da ita na taɓa sayen injin wanki alhali ina da wani.

Don Cleofas da wannan matakin ya zo, ba ni na koya masa ba. Ɗansa Rogelio, wanda muryarsa da ta uban ɗaya ce har sai ka tambayi wa ke magana in sun ɗauki waya, ya rasu shekara tara da suka wuce. Ya bar 'ya ɗaya, Nayeli. Uwar ta tafi da ita birnin Spokane, yarinya ta tashi cikin Turanci gida da makaranta, sai bara suka dawo. Sifaniyancin da ya rage a bakinta na kicin ne: zo, zauna, ci, ƙara, rufe ƙofa. Turancin kakan kuma na gona ne: tsani, akwati, gobe. Shi ke ɗauko ta daga makaranta kullum a tsohuwar a-kori-kurarsa, tafiyar minti goma sha biyar. Da ta shiga za ta fara zuba, shi kuma yana tuƙi yana eh, eh, yana murmushi duk inda ya ga ta yi murmushi. Shekara guda suna haka. Yana son yarinyar nan fiye da yadda zai iya faɗa ko da a harshensa, kuma tsoronsa ɗaya ne, ranar da ya ce bai gane ba ta yi shiru.

Wata Alhamis cikin Fabrairu ta yi magana mai tsawo, ta kama hannun rigarsa tana jiran amsa. Ya ce eh, eh. Ta rungume shi har ya kusa hawa shingen mutane. Da ya isa gida sai matarsa Doña Hermelinda, wadda ta tsinci nata Turancin a kicin ɗin makarantar yara inda ta yi aiki, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Tsoho, yaushe ka zama Bature ban sani ba?"

"Me kuma na yi?"

"Yarinya ta kira ni, ta ce ka yarda. Ranar bikinta na cika shekara sha biyar kai za ka sauya mata takalmi, yadda al'ada take, a madadin ubanta. Sannan ka yi mata jawabi da Turanci, ta ji da kunnenta ba sai an fassara mata ba."

"Ni na ce haka?"

"Sau biyu, in ji ta."

"Yaushe ne bikin?"

"Sati goma sha ɗaya. Cire takalmin nan kafin ka shigo, yanzu na goge ƙasa."

Ranar Talata ya bayyana a ɗakin karatu. Mai rubuta sunaye ta tambaye shi da Turanci ko ya taɓa yin aji ɗaya, ya ce eh, eh. Aka kawo mana shi aji biyu, daidai makon da aka buɗe darasi na tara.

Mataki na 2: San maƙiyinka, amma daga nesa

Ga abin da darasin yake nema da kai. A Sifaniyancinmu, ko ka ce kana son ci, ko za ka iya ci, ko ka fita ba tare da ci ba, kalmar cin nan ɗaya ce, ba ta sauya riga. Kamar adda take, da ita ake sara, da ita ake tono, da ita ake ɓare lemo. Turanci ya ce bai yarda ba, sai an raba aikin gida uku. Wani wuri ka liƙa wa kalmar jela a baya, wadda suke kira "ing". Wani wuri ka sa mata ɗan jagora a gaba, wato "to". Wani wuri kuma ka bar ta tsirara, ba jela ba jagora, wai kuma hakan ne mutunci. Mai yanke hukunci ita ce kalmar da ta gabata. In ka ce kana so, jagora. In ka ce kana jin daɗi, jela. In ka ce za ka iya, tsirara. Akwai masu karɓar biyun ba ruwansu. Akwai kuma munafukai masu karɓar biyun su juya maka magana: da jela ka daina cin burodi, da jagora ka tsaya a hanya ka ci burodi.

Malama Doreen, mai koya mana, dattijuwa ce mai farin gashi da haƙurin da ya fara ba ni tsoro. Ta yi ritaya daga koyar da yara, ta ga bai ishe ta ba, ta dawo kanmu. Tana jin Sifaniyanci daidai gwargwado. Ta raba mana jerin kalmomi shafi biyu ta ce a haddace, sai Don Cleofas ya yi kuskuren sababbin shiga, ya ɗaga hannu.

"Malama, me ya sa wannan ke son jela, wancan ba ya so?"

"Babu dalili, Don Cleofas. Haka suke."

"Ni duk reshen da na yanke, in kin tambaye ni zan faɗa miki dalili."

"Na yarda. Waɗannan dai sai hadda."

"To wa ya dasa su haka?"

Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa na ja rigarsa ya zauna. Na raɗa masa cewa hannun da ya ɗaga yau, shi malama za ta nema jibi. Ya dubi shafi biyun nan, ya ƙirga makonnin da suka rage masa da yatsu, sai na ga gashin bakinsa ya sauka. Ya ce, "Tacho, koya mini yadda kake yi."

Mataki na 3: Zaɓi wurin zama da natsuwa

Kada ka zauna a gaba, daga nan ake farawa. Kada ka zauna can ƙurya, malamai sun daɗe da gano mutanen ƙurya. Nemi layi na uku, bayan mutum mai faɗi. Mu Allah ya ba mu Baldomero, mai loda akwatunan tuffa, wanda bayansa ya ishi dattawa biyu fakewa, uku ma in an matsa. Ga shi da son amsa tambaya, ga duk amsarsa kuskure ce, gyaran kowace yana cin minti huɗu. Irin wannan mutum a riƙa gaishe shi da kyau, a tambayi iyalinsa.

Malama layi take bi, kowa ya cike gurbi a jimla ɗaya. Ƙirga kujeru. In saura mutum biyu a zo kanka, fensirinka ya faɗi ƙarƙashin tebur, kuma kada ya samu da wuri. Ranar Alhamis tabarau ka manta a mota. Talata mai zuwa tari. Kada ka yi dabara ɗaya sau biyu a jere, raini ne, ita ma mutum ce.

Don Cleofas ya ƙara tasa da ban taɓa tunaninta ba. Duk jimlar da aka ba shi sai ya daɗe yana kallonta, ya shafa gashin baki, ya ce, "Wannan tana da zurfi, Malama. Bari matasa su fara gwadawa." A wurinmu ba a matsa wa mai furfura a gaban jama'a, kuma malama ta zauna da mu ta sani, sai ta wuce na gaba. Ranar na yi alfahari da shi ƙwarai.

Mataki na 4: Ciyar da ajin

Bincike ya nuna, kuma ni na yi binciken, cewa ba a taɓa tambayar mutum jela ko jagora yana riƙe da tukunya ba. Aji awa ɗaya da rabi ne. Tamale, wato alalar masararmu da ake dafawa a ganye, dozin biyu masu zafi, in ka haɗa da warware ganyen masara, neman cokali, yabon mai girki, da gardamar ko na Michoacán ya fi na jihar Jalisco, suna cinye minti talatin da biyar. Kada ka shigo da su tun farko, za a ce a ajiye sai an tashi. Bar su a mota, ka tuna da su daidai lokacin da aka ce a buɗe shafi na sittin da huɗu, mazaunin darasi na tara. Ba wanda zai zarge ka, ai mu ba ma zuwa wurin mutane hannu rabbana.

Matsalar tana gida. A sati na uku Doña Hermelinda ta ajiye kwanon kwaɓi ta ce, "Wai wannan makaranta ce ko gidan biki?"

"Malama ce ke so."

"Faɗa mini da Turanci cewa malama na so."

"Ba mu zo wurin ba tukuna."

"Ko zuwa bikin ma ba za ku zo ba, in dai ni ce mai girki."

Hattara kuma da malama mai wayo, za ta mai da abincinka darasi. Tamu ta taɓa rubuta jimla uku a allo, cewa Don Cleofas yana son kawo abinci, yana jin daɗin kawo abinci, zai iya kawo abinci, ta bar gurbi a kowace ta ce ya cike. Ya cusa tamale guda a baki, ya nuna mata da hannu cewa an hana shi magana da abinci a baki tun yana yaro.

Mataki na 5: A gida, yi kama da mai karatu

Littafi a buɗe a kan tebur, fensir a bayan kunne, leɓe na motsi. Ɗora kofin kofi a kan shafi na sittin da huɗu ya bar zobe, alamar an sha wahala a wurin. In za ka fita, ɗora littafin a gaban mota inda kowa zai gani.

Nayeli ta gani. Ta ɗauka ta juya shafuka, ta ga zoben kofin, ta ga inda ya ja layi a ƙarƙashin kalmomi don kawai fensir ya ragu, fuskarta ta washe. Daga ranar maganarta ta sauya. A da labarin ƙawaye take ba shi, ana dariya. Yanzu da ta tabbata yana ji, sai ta fara faɗa masa irin abin da ake faɗa a hankali, ana kallon taga. Don Cleofas ya ga sauyin, ya kawo mini ƙara. Na ce masa alamar nasara ce, ya rage murmushi kaɗan ya ƙara gyaɗa kai.

Mataki na 6: In an kama ka, kada ka amsa laifi

Cikin Afrilu, tuffa ta yi fure duk kwarin ya yi fari, Nayeli ta shiga mota ba ta zuba ba. Sai da suka yi rabin hanya ta faɗi jimla uku ko huɗu, ta juyo tana ɗan murmushi, irin wanda ake yi don kada kuka ya fito. Shi murmushin kawai ya gani. Ya yi dariya ya ce eh, eh, ya ɗora da wata kalma da ya tsinta a bakin malama, mai nufin madalla. Ta daɗe tana kallonsa. Ta sake faɗin wani abu gajere, ya ce eh. Ta toshe kunnuwanta da abin jin waƙa har gida.

Wannan karon Doña Hermelinda ba ta tsokane shi ba, kuma hakan ya fi ba shi tsoro. Ta ja masa kujera.

"Zauna, Tsoho. Ka san abin da yarinya ta faɗa maka yau?"

"Zancen makaranta ne."

"Ta ce ta fara manta muryar ubanta. Ta ce tana rufe ido ta neme ta, ba ta samu. Ka ce madalla."

Ya sunkuyar da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Sai ta tambaye ka ko duk shekarar nan ba ka jin abin da take faɗa. Ka ce eh. Ita kaɗai ka amsa daidai." Ta goge teburin da ba shi da datti. "Ta ce a gaya maka kada ka wahalar da kanka. Ka yi jawabin da Sifaniyanci ko ka bari, duk ɗaya ne. Daga gobe motar makaranta za ta riƙa hawa."

Ya fita ya zauna a cikin a-kori-kurarsa bai kunna ta ba, har abinci ya huce. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, don ya gane cewa shirun da ya yi shekara yana gudu, shi ya jawo shi da bakinsa. Washegari da ƙarfe uku ya tsinci kansa a ƙofar makaranta ba tare da ya yi niyya ba, ya ga ta hau motar tare da sauran, ya juyo shi kaɗai.

Da ya ba ni labari na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Amma hanyata ba ta da matakin neman gafara. Na ce masa abin da ya ɓaci a mota a biki ake gyara shi. Ya tashi gaban mutum ɗari uku ya zuba Turanci mai santsi, kowace jela a mazauninta, yarinya da kanta za ta ce ita ce ta yi masa mummunar fahimta.

Mataki na 7: Sa wani ya rubuta, ka ɓoye inda ba a taɓawa

Saura sati uku. Bayan an tashi aji ya tsaya gaban malama, malafa a hannu, ya roƙe ta ta juya masa jawabinsa zuwa Turanci. Ya shifta mata: furen gidanmu, tauraruwar zuri'a, yau ƙofar rayuwa ta buɗe, da sauran abin da kowane kaka ke faɗa tun kafin a haife mu.

Malama ta ɗago kai. "Wannan kake son faɗa mata?"

"Haka ake faɗa a biki, Malama."

"Na sani, na je irinsa ya fi goma. Tambayata ko shi kake son faɗa mata."

"Eh, eh."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta rubuta. Jimla goma sha biyu, tsaf. Ni kuma na karɓa na sake rubuta su da haruffanmu yadda kunne ke jin su, kamar yadda dukanmu muke yi da adireshi da sunan magani. Malama ta leƙa ta ce ba ta san harshen ba, amma tana yi masa fatan alheri. Ya yi ta maimaita wa bishiyoyi a kan tsani, jimla ta uku na shiga ta farko na fita.

Nan basirata ta yi aiki. Namiji in zai yi magana a gaban jama'a cire malafa yake yi, ya riƙe ta a ƙirji, ya sunkuyar da ido cikin ladabi. Kuma ba mai taɓa malafar wani. Muka manna takardar a cikinta da gam. Muka gwada a bayan ɗakin karatu, Baldomero ya zama jama'a. Ya karanta daga farko har ƙarshe, Baldomero ya ce bai gane ko ɗaya ba amma ya ji kamar gwamna ne ke magana.

Mataki na 8: Kada ka saki malafar

Wannan matakin gajere ne, kuma ban taɓa zaton sai na rubuta shi ba.

Asabar ta zo. Aka yi coci da hantsi, da la'asar aka cika zauren biki, makaɗa da kakakinsu, teburin malama kusa da namu. Aka ajiye kujera a tsakiyar fili, Nayeli ta zauna cikin riga shuɗiya mai faɗi, da takalmanta na yarinta marasa dunduniya. Ta yi kyau, kuma ba ta kallon kakanta. Ya fito ɗauke da takalma masu tsini a kan ɗan matashi, Doña Hermelinda na gefensa. Sai lokacin durƙusawa ya yi.

Shekara arba'in da aurensu, duk inda Don Cleofas zai durƙusa, ko a coci ko ƙarƙashin famfon kicin, malafarsa ba ta taɓa ƙasa. Miƙa wa matarsa yake yi. Hannunsa bai shawarce shi ba, ya cire ya miƙa. Ita kuma ta karɓa, ta leƙa ciki, ta dube shi, ta taka a hankali har teburinsu da ke can ƙarshen zaure, ta zauna ta ɗora ta a cinya. Daga baya na tambaye ta ko da gangan ta yi, ta ce ita dai malafa aka ba ta.

Ya cire wa yarinya takalman yarinta, ya sa mata masu tsinin, ya ɗaure maɗauri. Aka yi tafi. Shugaban makaɗa ya miƙo masa abin magana. Ya kai hannu kansa, ya taɓa gashi. Na ga idonsa ya zagaya zauren yana neman bayan Baldomero, Baldomero kuwa yana can yana cin nama. Ba fensir, ba tukunya, ba matasan da za su fara gwadawa. Na yi masa alama ya yi tari.

Bai yi tari ba, bai ma tashi ba. Yana durƙushe a gabanta ya fara magana da Turanci, kuma zan kawo maka shi yadda ya fito, don ka ga abin da barin hanya ke jawowa.

"Nayeli. Ni ba ji ba. Shekara ɗaya, ke magana, ni eh, eh. Ni ƙarya. Ni tsoro ke yi shiru."

 Na saci kallon malama, na ga tana ƙirga kuskure da yatsu a ƙarƙashin tebur, don sabo, sai kuma ta daina.

"Babanki son waƙa a kan tsani. Waƙa ba daɗi. Tsuntsu gudu." A wannan jimlar ya sa wa kalma ɗaya jela da jagora gaba ɗaya, kamar mai ɗaure tsani da igiya biyu. Mutane suka yi dariya, yarinya ma ta kusa. Ya buga ƙirjinsa da abin maganar har ya yi ƙara. "Muryar babanki, muryar ni. Ɗaya. Waya, mutane ba sani wa. Ke so ji babanki, ke rufe ido, ni magana. Ni magana mummuna, amma ni magana. Ke faɗa mini duka kuma. A hankali."

Ya tsaya, don Turancinsa ya ƙare ƙaf. Nayeli ta rufe ido. Kwalliyar da aka yi awa biyu ana yi ta fara gangarowa. Sai ta laluba cikin ɗan Sifaniyancinta na kicin, ta ɗauko kalmar da take miƙa kwano da ita.

"Ƙara, Kaka."

Ya ƙara. Ya ba ta labarin ranar da Rogelio ya faɗo daga tsani ya tashi yana tambayar ko an ga hularsa, rabi Turanci, rabi hannu, ita kuma ido a rufe. Makaɗa suka jira minti goma sha ɗaya. Jimloli goma sha biyun nan masu tsabta suna can a cinyar Doña Hermelinda, ba wanda ya taɓa jin su sai Baldomero da bishiyoyi.

Wanke hannu

Mai wannan takarda ba shi da alhakin duk abin da ya sami wanda ya saki malafarsa. Ba ruwana in tafiyar minti goma sha biyar ta koma minti hamsin, saboda direba na tsayawa a gefen hanya yana cewa a maimaita, ana zana masa hoto a jikin gilashi. Ba ruwana in dattijo ya koma kujerar gaba, yana ɗaga hannu, yana yin kuskure da ƙarfi har ya fi Baldomero, aka kuma wuce da shi aji uku a kan hakan. Ba ni da hannu a yankewar tamale, kuma masu yi mini kallon banza ranar Alhamis su kai kukansu gidan Barragán.

Hanyata tana nan daram ga mai so. Ni da ita nake amsa wayar jikata da ke kira daga birnin Denver duk Lahadi. Makon jiya ta yi magana a hankali, jimla uku ko huɗu, sai ta yi shiru tana jira. Na buɗe baki, kalmar eh ta ƙi fita. Wannan ba shi da alaƙa da komai. Haka kuma duk wanda ya ce ya gan ni a kujerar gaba ranar Talata, littafi a buɗe a shafi na sittin da huɗu, ya sani cewa tawa ta layi na uku ce ta karye.